Ɗan Goyon Makaranta da Hoton Kwamfuta



Akwai wata kalma da ta yi kaka-gida a bakin 'ya'yanmu 'yan boko a shekarun nan, wato alumni. Ana buga ta a jikin riga, ana rubuta ta a allon sanarwa, ana kafa ƙungiyoyi da sunanta a WhatsApp. In ka tambayi yaro ma'anarta sai ya ce maka ai tsofaffin ɗalibai ke nan, waɗanda suka gama wata makaranta suka fita. Bai yi ƙarya ba, amma kuma bai kai gindin maganar ba. Kalmar asalinta ba ta Ingilishi ba ce, ta Latin ce, harshen Rumawan dauri. A wurinsu alumnus shi ne yaron da aka ba ka riƙo, ba kai ka haife shi ba, amma kai ka ciyar da shi har ya zama mutum. Tushenta wani fi'ili ne, alere, ma'anarsa ciyarwa ko reno. Daga wannan tushe ne kuma aka samo alma mater, wato uwa mai shayarwa, sunan da Turawa ke kiran makarantar da mutum ya fito. Ke nan in da za mu juya kalmar da Hausa ta gaskiya, da sai mu ce 'yan riƙo, ko 'yan goyo. Ba takardar shaida ce ta haifi sunan ba, tuwo ne.

To, mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin a kafa makarantar boko ko ɗaya a arewacin ƙasar nan, uba kan kama hannun ɗansa ya kai shi zauren malam, ya ce, "Allah gafarta malam, ga amana." Daga ran nan yaro ya zama na gidan. A can zai ci, a can zai kwana, shi zai ɗebo ruwa, shi zai yo kara na hura wutar karatun dare, da damina kuma ya bi malam gona. Ko kalmar almajiri ma daga Larabci ta fito, almuhajir, wanda ya bar gida ya yi ƙaura. Idan ya girma ya tafi neman na kansa, ko da ya zama Alhaji mai motoci a Kumasi, duk ran da ya shigo garin sai ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa, ya ajiye goro. Ba shi da riga mai tambari, ba shi da katin ƙungiya, amma kowa a unguwa ya san almajirin wane ne.

Wanda yake son ya ga ƙarfin wannan abu, ya dubi Salaga. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su ƙasar Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Katsina, da madugu da jagaba da uban dawaki, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro, a yi watanni a hanya, a kawo kanwa da tufafi da kayan fata, a koma da goron Tonawa. Kuma kada mu ɓoye, har da bayi aka yi ciniki a kasuwar nan, ga wurin da ake kira Wankan Bayi yana nan da sunansa na Hausa yana ba da shaida a kanmu. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta fara karkata zuwa Kintampo da Atebubu. Sannan a 1892 yaƙin sarautar Kpembe ya tashi, garin ya watse, malamai da attajirai suka bazu, wasu Yendi, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu har Ankara.

Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, jininsa na Kabi. Ya zauna Kete Krachi, ya zama limami, ya yi ta karantarwa har Allah ya karɓi ransa a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, a kan annobar mura ta 1918. Ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich labaran ƙasar Hausa masu yawa, waɗanda masana a Turai da Amurka suka fassara daga baya. Yau in ka je neman tsohon garin Kete Krachi inda ya zauna, ba za ka same shi ba. Da aka datse kogin Volta a Akosombo, aikin da aka gama a 1965, ruwa ya cinye garin, aka tayar da mutane wajen 80,000 daga garuruwansu a faɗin yankin. Zauren ya tafi, masallacin ya tafi, inuwar da ake zama ƙarƙashinta ta tafi. Abin da ruwa bai ci ba shi ne almajiran. Sun riga sun watsu cikin zangunan ƙasar nan, kowa ya buɗe nasa zaure, ya karantar da wasu, su ma suka karantar da wasu. Da Jami'ar Gana da ke Legon ta tashi tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami a shekarun 1960, ƙarƙashin su Thomas Hodgkin da Ivor Wilks, da Alhaji Usmanu Boyo yana yawo gari gari, a ina aka samo waƙoƙin Alhaji Umaru? A gafakar almajirai da almajiran almajirai, waɗanda suka kwafa da hannu suka adana.

'Yan'uwanmu Wangarawa ma sun fi mu tsari a wannan fanni. A al'adarsu, idan mutum ya sauke manyan littattafai uku, Tafsirin Jalalaini da Ashafa ta Alƙali Iyal da Muwaɗɗa ta Imamu Malik, sai a naɗa masa rawani, a ba shi takarda mai ɗauke da silsila: wane ya karanta a wurin wane, shi kuma a wurin wane, a yi ta ja da baya har ƙarnoni. Takardar ba ta cewa mutumin ya ci maki kaza. Tana faɗin hannun da ya bi ta ciki ne.

Na boko su ma sun zo da nasu, kuma ba na raina shi, don ni ma na ci tuwon makarantar kwana. Mfantsipim da aka kafa a Cape Coast a 1876 tana alfahari da Kofi Annan. 'Yan Achimota suna kiran junansu Akora. A arewa an makara, don sai a 1951 aka buɗe sakandaren Tamale, inda marigayi Alhaji Aliyu Mahama, haifaffen Yendi, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, ya yi karatu. Ta Bawku ta zo a 1963, ta Yendi a 1970. Wanda ya shiga irin waɗannan makarantu ya san abin da ke haɗa mutane a ciki. Ba lissafi ba ne, ba Turanci ba ne. Wake ne mai ƙwari da kuka ci tare, da garin rogo da shito da kuke rabawa idan wata ya yi nisa, da guga ɗaya da kuke bin layi da shi kafin asuba a lokacin hunturu, da bulalar babban ɗalibi da ta sauka a bayanku rana ɗaya. A ɗakin kwananmu akwai Badagombe, akwai Bagwanje, akwai Bakusase, akwai Bamamprushe, akwai ɗan Konkomba, ga mu 'yan zango da ake tsokana wai ba mu da ƙauyen da za mu koma hutu. Shekaru sun shuɗe, amma in na ji muryar ɗayansu a waya, ba sai ya faɗi sunansa ba.

Yanzu mai karatu zai ce, to mene ne ya haɗa wannan da hoton kwamfuta? Ga abin da ya haɗa su.

Shekarun baya wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da nake ciki, ba zan faɗi ta wace makaranta ba, ta yanke shawarar gina wa makarantar ɗakin karatu. Aka ba wani yaro mai zanen gine-gine aiki, ya fito da hoto. Jama'a, in kun ga hoton nan sai kun yi salati. Bene mai hawa biyu, gilasai suna walƙiya, ciyawa kore shar ko'ina, itatuwan da ban taɓa ganin irinsu a arewa ba, ga yara sanye da fararen kaya suna tafe da littattafai, ko ƙura babu a takalminsu. Aka buga shi a kalanda, aka buga a riga, aka kafa shi a babban allo a bakin ƙofar makaranta. Aka yi taro, aka ci shinkafa, aka yi alkawura. Hoton ya yi ta yawo a wayoyi, kowa na tura wa wani yana cewa ga aikinmu. Abin da na lura da shi shi ne, da yawa daga cikinmu mun ƙoshi da hoton. Mun riga mun ga ginin, mun ji daɗinsa, an yabe mu a kansa, to me ya rage? Da na ziyarci wurin bayan damina uku, harsashi ne kawai da ƙarafa a tsaye sun yi tsatsa, awaki na kwance a kai. Allon kuwa yana nan, rana ta ɗan kodar da shi, amma yaran ciki har yanzu murmushi suke yi.

Irin wannan hoto ba kyamara ce ta ɗauke shi ba, don babu abin da za ta ɗauka. Mai zane kan fara gina ƙwarangwal ɗin abin a cikin kwamfuta da ɗigo-ɗigo da layuka, su haɗu su zama dubban ƙananan kusurwoyi kamar saƙar raga. Sai ya lulluɓe ragar da fata, ya ce nan siminti ne, nan gilashi, nan ganye. Sai ya kafa rana ta ƙarya a inda yake so, ya kafa idon mai kallo a inda yake so. Daga nan kwamfuta ta zauna ta yi ta lissafi, ɗigo bayan ɗigo, yadda haske zai faɗa a kan kowane wuri da inda inuwa za ta kwanta. In fim ne, sai an yi irin wannan hoto 24 kafin a sami daƙiƙa ɗaya ta motsi. Waɗanda suka yi zamanin gidajen bidiyo na zango, inda ake biyan 'yan sidi a zauna kan benci, za su tuna mutumin nan na Terminator 2, fim ɗin 1991, da ke narkewa kamar dalma ya sake haɗuwa. Za su tuna dabbobin dauri na Jurassic Park a 1993, da muka yi ta gardama ko a wane daji aka kamo su. A 1994 aka nuna Tom Hanks yana gaisawa da Shugaba Kennedy na Amurka, mutumin da ya mutu tun 1963. A 1995 kuma Toy Story ya fito, fim na farko mai tsawo da aka yi shi kaf da kwamfuta. Amma duk wannan mun san wasa ne. Mun biya kuɗi ne don a ruɗe mu na awa biyu, mu fito mu sayi kosai mu tafi gida.

Abin da ya sauya shi ne, daga wajen 2022 aikin ya fita daga hannun ƙwararru ya shigo aljihun kowa. Manhajoji irin su Midjourney da DALL-E ba sa bukatar ka iya zane. An riga an cusa musu miliyoyin hotuna da bayanin kowanne, har sun koyi wace kalma ke tafiya da wace kama. Kai dai ka rubuta abin da kake so, sai su fara daga wani dishi-dishi kamar na talabijin da ba ta kama tasha ba, su yi ta gyara shi har siffa ta fito. A watan Maris na 2023 duniya ta ga marigayi Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ta 'yan gayu, mutane da yawa suka gaskata, alhali bai taɓa sa ta ba.

Wani jikana ya so ya burge ni, ya ce, "Kaka, bari in nuna maka kasuwar Salaga ta zamanin kakanninka." Ya danna waya, kafin in gyara zama hoto ya fito. Kyakkyawa ne ƙwarai. Sai dai akwai tuddan yashi, da jerin raƙuma, da gine-gine masu ƙubba kamar na Masar. Babu jaki ko ɗaya. Babu huhun goro da aka naɗe da ganye ana yayyafa masa ruwa. Babu rijiyoyin nan barkatai da aka san garin da su. Na'urar ba ta yi niyyar ƙarya ba. An ce mata kasuwar Musulmi a Afirka a ƙarni na 19, ita kuwa hotunan Sahara aka fi ciyar da ita da su, sai ta amayo abin da ta ci. In ka duba, ita ma 'yar goyo ce, sai dai ba ta iya faɗa maka wanda ya goye ta ba. Tambayi almajiri inda ya samo fassarar wata aya, zai ce daga malam wane. Tambayi hoton nan inda ya samo raƙumansa, shiru.

Wannan ne ya sa hankalina ke tashi idan na ga hotunan magabata suna yawo. An daɗe ana yaɗa wani hoto wai na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Shehu ya rasu a 1817, ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana shi ga duniya a Faransa. Kowane ne a hoton nan, ba Shehu ba ne, kama da wane ba wane ba ce. Yanzu kuma an ci gaba, ana ɗaukar tsohon hoton malamin da ya rasu a sa shi yana ƙifta ido, yana motsa baki, har a ɗora masa muryar da ba tasa ba. Yau don ƙauna ake yi. Gobe wani zai sa shi ya faɗi fatawar da bai taɓa bayarwa ba, kuma in babu almajiransa na gaskiya da za su tashi su ce mun zauna gabansa shekara goma ba mu taɓa jin haka ba, maganar za ta zauna. Hausawa sun ce gani ya kori ji. An yi karin maganar ne a zamanin da ido ba ya ganin abin da babu. Malaman hadisi kuwa tun farko ba su yarda da kyawun magana kawai ba, sai sun tambaya daga wa ka ji, shi kuma daga wa, kuma sun taɓa haɗuwa? Ashe tambayar tasu ce za ta dawo ta yi mana rana.

Mutanen Bawku sun fi kowa sanin nauyin wannan magana. Rikicin sarautar garin ya sake tashi a ƙarshen 2021, aka sa dokar hana fita, kasuwar nan mai ci duk bayan kwana uku, wadda ke tara mutanen Gana da Togo da Burkina, ta yi rauni. A watan Yuli na 2025 abin ya kai har cikin makarantu, aka kashe ɗalibai a sakandaren Bawku da ta Nalerigu, aka kwashe yara aka mayar da su gida. Ba zan shiga maganar wa ke da gaskiya ba, mu 'yan zango maƙwabtan kowa ne, muna aure da kowa. Abin da na sani shi ne, a irin waɗannan kwanaki waya kan cika da hotuna, gidaje na cin wuta, gawawwaki a kwance, wasu na gaske, wasu tsofaffi, wasu daga wata ƙasa, kuma yanzu ana iya ƙera wasu daga babu. Ranar da aka turo mini wani irinsu ana cewa unguwar da 'yar ƙanwata ke aure ce, ban tsaya ƙura wa hoton ido ba. Na kira wani da muka kwana ɗaki ɗaya shekara biyar, wanda ba ƙabilarmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Ya ce in ba shi minti goma. Ya aika yaro ya leƙa, ya kira ni ya ce unguwar lafiya lau, in kwanta. Na kuwa kwanta, don na san mutumin da ya raba garinsa na ƙarshe da ni ba zai yi mini ƙarya a kan jinina ba. Yendi ta ga irin nata tun daga 2002 har aka naɗa sabon Ya Na a 2019, Salaga da kewayenta sun ga na 1994. Duk wanda ya rayu cikin waɗannan ya san darajar mutum ɗaya a ɗaya ɓangaren da za ka iya kira da tsakar dare.

Ba cewa nake yi a jefar da fasahar ba. Magini na bukatarta, likita na bukatarta, malamin makaranta ma zai iya nuna wa yara yadda jini ke zagaya jiki ba tare da an yanka kowa ba. Ni da kaina zan so in ga an sake gina tsohon Kete Krachi a cikin kwamfuta, amma a zaunar da dattawan da suka yi wasa a lungunansa tun suna da rai, su ce a'a, masallacin ba nan yake ba, matsa shi gabas, a kuma rubuta a ƙasa cewa zane ne, ga sunayen waɗanda suka ba da bayani. Ɗakin karatunmu ma laifin ba na yaron da ya zana ba ne.

Abin da ya fi damuna yana gida. Mun iya kafa ƙungiya don makarantar boko, da shugaba da ma'aji da riga. Har makarantun Arabiyya da gwamnati ta rungumo tun da aka kafa sashen ilmin Musulunci a hukumar ilmi a 1987, wasunsu sun fara samun masu waiwayarsu. Amma makarantar allo, wadda ta fara goyon mafi yawanmu, wa ke tara mata kuɗi? Almajiranta suna nan cike da Nima da Aboabo da Ashaiman, direbobi da mahauta da 'yan canji da ma'aikatan banki, malamin kuwa yana nan a zauren da ke yoyo, yana jiran sadakar Laraba. Ko sunayen waɗanda suka bi ta hannunsa babu wanda ya rubuta.

Da sallar layya da ta wuce na je gaida wani dattijo a zangon Yendi, ya haura tamanin, idonsa ya tafi. Cikin hira na ce, "Baba, a wurin wa kuka yi karatu?" Ya gyara zama, ya ambaci malaminsa da garinsu, ya yi masa addu'a. Ya ambaci malamin malaminsa, ya ce shi wannan a Karachi ya yi shekara bakwai gaban Alhaji Umaru, da ƙafa ya je, da ƙafa ya dawo. Ya faɗi littafin da aka fara da wanda aka ƙare da shi. Jikokinsa uku suna zaune a tabarmar, kowanne da waya a hannu. Na roƙi babbar cikinsu ta nemo takarda da biro, na ce Baba ya daure ya maimaita a hankali. Ya yi dariya ya ce shekara arba'in rabon da wani ya yi masa wannan tambaya, sannan ya sake farawa daga kan malaminsa.